Lambun gida da tsadar ruwa: tambayoyin da ake yawan yi min

Wai wane lokaci ya fi dacewa da ban ruwa?

Da asuba bayan an idar da sallah, in bai samu ba to da yamma lis. In ka zuba ruwa da tsakar rana a watan Afrilu wallahi rana kake shayarwa ba tumatir ba, kuma kuɗin jarkar da ka ba mai garuwa ya tafi a banza.

Dole sai kullum?

A'a. Tura yatsanka cikin ƙasa kamar gaɓa biyu, in ka ji danshi ka ƙyale shi. Gara ka zuba mai yawa ya ratsa ƙasa sosai bayan kwana biyu da ka riƙa ɗan yayyafi kullum, saboda yayyafi yana sa saiwa ta tsaya a sama, zafi na zuwa shuka ta langaɓe. Sabon dashe da latas ne dai ba sa haƙuri, su kam kullum. Kuma a gindi ake zubawa, ganye ba ya sha.

Na ji ana maganar binne tulu, gaskiya ne?

Gaskiya ne, ni ita ce dabarar da na fi so ma. Ka samo tulun ƙasa irin na da wanda ba a shafa masa fenti ko siminti ba, ka binne shi har wuya a tsakiyar fangali, ka cika da ruwa ka rufe bakin, sai ka dasa attaruhu ko tumatir kewaye da shi. Yadda jikin randa ke tsatsafo da ruwa haka zai riƙa yi a ƙarƙashin ƙasa, kaɗan-kaɗan, daidai inda saiwa take, rana ba ta gani balle ta sha. In babu tulu robar ruwa da aka huda da allura ma tana yi, sai dai ta fi saurin ƙarewa. Daga nan ka lulluɓe ƙasar da ɓawon gyaɗa ko busasshiyar ciyawa, ka sa takin awaki da ya ruɓe, musamman in ƙasarku jigawa ce mai zuƙe ruwa.

Ruwan wanke-wanke fa?

Na alwala da na wanke shinkafa duk tara su a bokiti, ba su da matsala. Mai omo ko bilic kuwa kar ka kai shi lambu, gishirin ciki yana ɓata ƙasa a hankali.

Tara ruwan sama yana da wani amfani kuwa?

Yi lissafi mana. Milimita 1 na ruwan sama a kan murabba'in mita 1 lita 1 ne, to rufin kwano mai murabba'in mita 20 in aka yi ruwa milimita 30 zai ba ka kusan lita 600, jarka 24 ke nan mai cin lita 25. Sa durom a ƙarƙashin indararo tun kafin Agusta, amma fa ka rufe shi ruf, kar ka noma tumatir ka haɗa da kiwon sauro.