Karatun motsa jiki da wasanni: karatu ne ko wasa?

Ɗana ya ce PHE, wato ilimin motsa jiki da kiwon lafiya, zai karanta a kwalejin ilimi. Ba ƙwallo zai je bugawa ba kuwa?

Baba, kwantar da hankalinka. Filin wasa kaso ɗaya ne kawai na karatun, kuma ba shi ne mafi nauyi ba. Yaron da ya zaɓi wannan fanni don gudun littafi, tun zangon farko zai gane ya yi kuskure. Za a ajiye masa hoton ƙwarangwal, a ce ya san ƙasusuwa 206 na jikin baligi, ya san tsokar da ke lanƙwasa gwiwa da wadda ke miƙar da ita, ya bayyana yadda zuciya mai ɗakuna huɗu ke tura jini zuwa huhu ya dawo.

To mene ne alaƙar wannan da wasa?

A nan daɗin fannin yake. Malami zai sa ɗalibi ya ɗora yatsu biyu a wuyan hannunsa ya ƙirga bugun jini yana zaune, wataƙila ya samu 70 a minti. Sai ya zaga fili sau ɗaya, mita 400, ya dawo yana haki, ya sake ƙirgawa. Abin da ya karanta jiya a allo ga shi yana bugawa a ƙarƙashin yatsunsa. Daga nan ake koya masa dalilin ciwon tsoka bayan atisaye, da yadda zafin watan Afrilu ke ƙarar da ruwan jikin ɗan wasa, da abin da ake yi wa wanda ya yi targaɗe: a hutar da ƙafar, a sa ƙanƙara, a ɗaure, a ɗaga ta sama. Sau nawa muka ga an kama ƙafar yaro ana murzawa a filin unguwa, ciwon ya ƙaru? Wannan kaɗai ya isa a daraja mai wannan ilimi.

Akwai kuma ilimin halayyar ɗan wasa, da dokokin wasanni, da tarihinsu. Ni ina son ganin ana ba kokawa da dambe da langa nasu gurbin a aji, don su ma suna da ƙa'ida da dabarar da za a iya nazarta.

Ina ake karanta shi?

Tun daga babbar sakandare, WAEC na yin jarrabawarsa. Kwalejojin ilimi suna ba da takardar shaidar malanta ta NCE a shekara uku, Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya da Jami'ar Bayero ta Kano kuma suna da sashensa har digiri. Mai son horar da 'yan wasa yana iya zuwa Cibiyar Wasanni ta Ƙasa da ke Surulere a Legas. Wanda ya riƙe Bayoloji da kyau a sakandare zai ji sauƙi sosai.

'Ya'ya mata fa?

Ana bukatarsu ƙwarai. Makarantun 'yan mata suna neman malamai mata da za su jagoranci motsa jiki cikin sutura da kamun kai, iyaye kuma sun fi sakin jiki idan mace ce ke kula da 'yarsu a fili.

Idan ya gama, me zai ci?

Koyarwa ce hanya mafi faɗi. Bayanta akwai horar da ƙungiya, alƙalancin wasa, aiki a hukumar wasanni ta jiha, ko kula da masu zuwa wurin motsa jiki, waɗanda likita ya ce su rage ƙiba saboda hawan jini ko ciwon suga.