Ragin da ake yi kafin a lissafa haraji

Ragin haraji shi ne kuɗin da doka ta yarda a cire daga abin da mutum ya samu a shekara kafin a lissafa masa haraji. Mutane da yawa suna zaton daga harajin ake cirewa kai tsaye, alhali daga kuɗin shiga ake cirewa, ragowar ce ake ɗora wa haraji.

A Najeriya sabuwar dokar haraji da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2025 ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026. A ƙarƙashinta naira 800,000 ta farko ba haraji, naira miliyan 2.2 da ke biye mata kuma kashi 15 cikin ɗari. Abubuwan da ake cirewa sun haɗa da kuɗin fansho, wanda ma'aikaci ke zuba kashi 8, da asusun gidaje na NHF da inshorar lafiya da ta rayuwa da ruwan bashin gina gidan da mutum zai zauna a ciki, sai kashi 20 na kuɗin hayar gida, amma ba zai wuce naira 500,000 ba.

A ce ma'aikaci a Kano yana samun miliyan 3 a shekara, fanshonsa 240,000, yana biyan hayar 600,000 a Hotoro, to za a cire masa 120,000 na haya, jimilla 360,000 kenan. Sai a lissafa a kan 2,640,000, harajinsa ya zama 276,000 maimakon 330,000. Wato naira 54,000 ce ta tsira, kuma a wannan tsadar rayuwa wallahi ba ƙaramin kuɗi ba ne.

Ɗan kasuwa ma haka, mai shago a Kwari ko Singa ana cire masa abin da ya kashe don kasuwancin kawai, kamar hayar shago da albashin yaran shago da kuɗin dako, amma cefanen gida da kuɗin makarantar yara ba sa ciki.

Harajin ɗaiɗaikun mazauna Kano hukumar tara haraji ta jihar Kano, wato KIRS, ce ke karɓa, na ma'aikata tun daga albashi ake cirewa ta tsarin PAYE. Inda gizo ke saƙar shi ne shaida, don hayar gida a nan sau da yawa da baki ake ƙulla ta da dillali ba rasit ba komai, wanda kuwa bai bayyana hayarsa da takarda ba, da wuya ya ga wannan ragin.