Ya rubuta "inasonki" a haɗe, in rabu da shi?

Tambayoyin nan ne dai ake ta maimaitawa game da rubutun wanda aka haɗu da shi a manhajar neman masoyi, kowa ya zo da tasa kamar shi ya fara gano ta. Ga amsoshin a wuri guda. A karanta kafin a sake tambaya.

Wai rubutun mutum yana da wani muhimmanci idan a intanet aka haɗu?

Yana da shi. A manhajar neman masoyi ba kya jin muryarsa, ba kya ganin yadda yake zama da mutane, hoto ne da 'yan layuka kawai a gabanki, dole ido ya sauka a kansu. Sai dai abin da rubutu yake nunawa sosai shi ne ko mutum ya ba saƙon hankalinsa. Gaskiyarsa da haƙurinsa da riƙon amanarsa ba a karanta su a waƙafi da aya.

Ba ya sa ƙugiya a ƙ, ɗ da ɓ. Ba alamar ƙarancin ilimi ba ce?

A'a. Yawancin wayoyi da allon rubutun Turanci suke zuwa, babu waɗannan haruffa a kansa sai mutum ya shiga saiti ya ƙara Hausa. Akwai kuma tsohon dalili. Saƙon tes haruffa 160 yake ɗauka, amma da zarar an sa harafi ɗaya irin ƙ, iyakar sai ta koma 70, saƙo ɗaya ya rabu biyu ko uku, kuma duk a biya kuɗinsu. Tun daga can mutane suka saba barin ƙugiya, wasu suka koma rubuta k' da d', wasu q da 6. Masu digiri ma haka suke hira a waya.

Inda abin yake da illa shi ne inda ma'ana ta rikice. "Zan bata" na iya zama "zan ba ta", na iya zama "zan ɓata". In ba ki gane ba, tambayarsa za ki yi, ba hukunci za ki yanke ba.

"Slm", "ykk", "xan xo". Haushi suke ba ni.

To ki faɗa masa sau ɗaya, ki ga ko zai canza. Amma ki duba wannan. Wanda ya rubuta "slm, naga kince kina koyarwa, wane aji?" ya karanta bayanin da kika rubuta game da kanki a manhajar. Wanda ya turo doguwar sallama mai ƙugiyoyi cif, da yabon kyau layi biyar, bai ambaci komai naki ba, wataƙila saƙon nan ya je wa mata arba'in kafin ke.

In gyara mata kurakuranta?

Kada ka fara. Ba ɗalibarka ba ce.

To wane irin kuskure ne ya kamata a lura da shi?

Kurakuran ba ɗaya ba ne. Akwai na zamewar yatsa: harafi ya faɗi, biyu sun sauya wuri, ko wayar ta "gyara" kalmar Hausa ta mayar da ita ta Turanci. Akwai na rashin sanin ƙa'ida, kamar raba "yana" gida biyu, ko manne "za ka" da "ba ni". Masu bincike a Jami'ar Tilburg ta ƙasar Holan sun gwada wannan da bayanan neman masoyi. Masu karatu sun ɗauki nau'in farko a matsayin rashin natsuwa, na biyun kuma a matsayin ƙarancin basira, kuma duka biyun sun rage sha'awar haɗuwa da mai bayanin. Sai dai a lura, abin da aka auna shi ne zaton mai karatu, ba basirar mai rubutu ba. Kuma kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai na masu karatun suka ma ga kurakuran.

A Hausa nau'i na biyun bai kamata ya yi nauyi haka ba. Mutane da yawa da Hausa suka buɗe baki amma da wani harshe suka yi makaranta, ba a taɓa zaunar da su an koya musu inda ake raba kalma ba. Da yawa daga masu kushe rubutun wasu, nasu ma in aka ɗora shi a kan ƙa'ida ba zai tsira ba.

Ya ce shi likita ne a ƙasar waje. Rubutunsa wani lokaci tsaf, wani lokaci kamar ba shi ba. Ɗan damfara ne?

Wannan ce tambayar da ta cancanci a tsaya a kanta. Yana iya yiwuwa, amma ba lalle ba ne, kuma rubutun shi kaɗai ba zai raba gardama ba.

Akwai dalilai marasa laifi da ke sa salon mutum ya sauya. Da dare yana kan kwamfuta a natse, da rana yana kan waya yana sauri. Wani magana yake yi wayar tana rubutawa. Wani Hausa ba harshensa na farko ba ce, dogon saƙo sai ya zauna ya tsara, gajere kuwa yadda ya zo. Likita ma yana iya kasa rubuta Hausa daidai, don ba da ita ya yi karatu ba.

Abin da ya fi sa a buɗe ido shi ne yadda sauyin yake faruwa. Idan duk dogayen saƙonnin soyayya suna zuwa sumul, amma duk lokacin da kika jefa tambayar da bai shirya mata ba sai amsar ta zo a karye ko ta kauce, to akwai alamar dogayen kwafo su ake yi daga wani wuri. Haka idan a saƙo ɗaya ya kira ki da "ki", ya koma "ka", ya ƙare da "ku". Injin fassara yakan yi wannan, saboda kalmar Turancin da yake fassarowa ba ta bambanta mace da namiji, ba ta bambanta ɗaya da jam'i. Amma ko nan sai an yi hattara, domin masu jin Hausa a matsayin harshe na biyu da yawa su ma ba sa bambanta "ka" da "ki". Nasu yakan tsaya a kan guda ɗaya, na injin ne yake tsalle-tsalle, ko da yake wannan ma ba doka ba ce. Sai kuma bayanan da ke motsi: shekarunsa, sunan garin da yake, yawan 'yan'uwansa. Wannan ya fi kowane kuskuren harafi nauyi.

A kuma manta da tsohuwar shawarar nan ta cewa 'yan damfara ba su iya rubutu ba. Tun da ChatGPT, manhajar da ke rubuta wa mutum abin da ya nema, ya fito a Nuwamban 2022, kowa na iya samun saƙo mai tsabta cikin daƙiƙoƙi. Tsabtar rubutu ta daina zama shaidar komai.

Ga abin yi. Ana cikin hira ki tambaye shi ƙarfe nawa ne a wurinsa, ki duba ko ya yi daidai da ƙasar da ya ambata. Ki riƙe wani ƙaramin bayani da ya faɗa, bayan mako guda ki sake tambaya ta wata hanya. Ki sa hotunansa a manhajar binciken hoto, Google Lens ko TinEye, ki ga ko suna wani wuri da wani suna. Ki nemi saƙon murya da zai ambaci sunanki da abin da kuke magana a kai a lokacin. Sannan kiran bidiyo kai tsaye, ko na minti biyar ne, ku yi magana ta gaske, ya juya fuska, ya amsa tambaya nan take. Ana iya ƙirƙirar fuska da murya yanzu, don haka bidiyon ma bai rufe magana ba, sai dai yana rage shakka sosai. In ya ƙi sau ɗaya ya ce sabis ba kyau, ba komai. In mako uku ana uzuri, kyamara ta lalace, wurin aiki ya hana, to kin samu amsa.

Kuɗi ne ke yanke hukunci. A 2022 kusan mutum 70,000 suka kai ƙarar damfarar soyayya ga hukumar kasuwanci ta tarayyar Amurka, asarar ta kai dala biliyan 1.3, kuma ƙaryar da ta fi yawa ita ce shi ko wani nasa ba lafiya, ya yi haɗari, ko an kulle shi. Duk wanda ba ki taɓa gani ido da ido ba ya nemi kuɗi, katin kyauta, kuɗin kirifto, ko ya ce zai koya miki zuba jari, ki tsaya nan, komai kyawun rubutunsa. Idan kuma ya ci duk gwaje-gwajen nan, abin da kika tabbatar kawai shi ne mutumin yana nan da gaske. Ko mutumin kirki ne, wannan wani aikin ne daban.

Ni ne rubutuna ba kyau. Shi kenan ba wadda za ta kula ni?

Kwantar da hankalinka. Bayanin kanka ne kawai yake buƙatar aiki, kuma sau ɗaya ake yin sa. Ka rubuta layi huɗu ko biyar, gajerun jimloli, ka karanta da ƙarfi. Duk inda numfashinka ya tsaya, aya ce ko waƙafi. Ka ƙara Hausa a Gboard, wato allon rubutun waya na Google, don wayar ta daina sauya maka kalmomi, ka kuma samu haruffa masu ƙugiya. Ka ba wani ya duba. Sunanta kuwa ka rubuta shi yadda ita ta rubuta, wannan kuskure ne da ba a cika yafewa ba.

In kana da disleksiya, wato matsalar da ke sa haruffa su riƙa rikice wa mutum a karatu da rubutu, ba ta da alaƙa da basira. Kana iya faɗa a jimla ɗaya ka wuce, ko ka fi yawaita saƙon murya.

In sa manhaja ta rubuta min saƙonnin gaba ɗaya?

Gyaran haruffa, e. Ta yi hirar a madadinka, a'a. Ranar da kuka zauna za ta ji ba kai ba ne.

Ni dai ba zan iya zama da wanda bai iya rubutu ba. Laifi ne?

Ba laifi ba ne, zaɓinki ne, kamar mai son dogo ko mai son mai yawan karatu. Amma ki kira shi zaɓi, ki daina cewa kin gano halinsa daga "inasonki". Kuma kafin ki sa wannan sharaɗi a bayaninki, ki ba wani ya duba miki bayanin.