Waiwaye: Tun Yaushe Manazarta Suka Rabu da Karatu a Kundayen Ɗalibanmu?

Maganar da ake ta yi yanzu a ofisoshin malamai da wuraren kare kundi, daga Gusau har Birnin Kebbi da Aliero, ita ce ta manazartan bogi. Ɗalibi ya kawo kundi da dogon jerin littattafai da maƙalu, a ɗauki guda a nema a rasa. Marubucin yana nan, mujallar ma tana nan, amma maƙalar ba a taɓa rubuta ta ba. Wasu na ɗora laifin kan manhajojin ƙirƙirarriyar basira da suka bazu bayan fitowar ChatGPT a Nuwamban 2022. Wasu kuma na ganin a wajabta wa kowa manhajar tsara manazarta kowa ya huta. Duk ɓangarorin biyu suna magana kamar jiya abin ya faɗo, alhali ɓarakar ta daɗe.

Faɗin inda aka samo magana ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo na Gwandu sai da ya rubuta littafi sukutum kan malaman da ya ɗauki karatu a wurinsu. Boko ya zo da nasa tsarin rubuta manazarta, irin su salon APA na Ƙungiyar Masana Halayyar Ɗan Adam ta Amurka, wanda asalinsa ke komawa 1929. Cikin manhajojin tsara manazarta, EndNote ta fito a ƙarshen shekarun 1980, Zotero a 2006 daga Jami'ar George Mason ta Amurka, Mendeley kuma a 2008 daga Landan. Wannan tarihin sananne ne.

Abin da ba a cika waiwaya ba shi ne shekarun da rubutun kundi ya koma shagunan kwamfuta da kafe na intanet, bayan shigowar shekarun 2000. Kafin nan, mai bincike yana zaune a laburare da littafin a gabansa, yana kwafe sunan marubuci da shekara da maɗaba'a da lambar shafi a kati ko bayan littafin rubutu. Aikin da wahala, amma ba ka iya rubuta shafi na 47 sai ka buɗe shafi na 47. Da kafe ya zo, kuɗin awa ake biya, lokacin karatu babu. Sai a kwashi sakin layi a zuba a filash, tare da sunayen da ke cikin baka, na mutanen da ɗalibin bai taɓa ganin aikinsu ba. Daga nan takardu su tafi wurin mai buga rubutu, wanda aikinsa bugu ne, ba tantance madogara ba. Jerin manazarta ya zama aikin daren ƙarshe: a bi babi na biyu ana tsintar sunaye, a nemo musu take da ya yi kama, wanda aka rasa a aro daga tsohon kundi. Mai karantawa daban, mai bugawa daban, mai haɗa jerin daban. Rashin kwamfuta a hannun ɗalibi da rashin wuta su suka haifi wannan rabon aiki, ba mugunta ba, kuma jami'o'in tarayya na Gusau da Birnin Kebbi da aka kafa a 2013 sun buɗe ƙofa ne al'adar ta riga ta kafu a ƙasar baki ɗaya. Ƙirƙirarriyar basira ta tarar da jerin da dama ba ya da alaƙa da karatu, sai ta sauƙaƙa cika shi.

A nan ne masu cewa manhaja ce magani suke buƙatar sanin yadda take aiki. Idan aka saka madogara da Zotero ko Mendeley a cikin Word, abin da ido ke gani suna da shekara ne, amma a ƙarƙashinsu akwai ɓoyayyen bayani da ke ɗaure su da ma'ajiyar mai bincike. Shi ke sa jerin ƙarshe ya tsaru da kansa, kuma a iya sauya salo cikin daƙiƙu. An ga amfanin haka lokacin da bugu na 7 na APA ya fito a 2019, ya cire garin maɗaba'a, ya ce aikin marubuta uku ko fiye a taƙaita tun ambaton farko. To wannan ɗaurin yakan tsinke idan aka sake buga babin a shago, ko aka gyara shi da wata manhajar waya, ko aka kwafe shi a matsayin rubutu zalla. Ɗalibin da kundinsa ke yawo a filash tsakanin kwamfutoci uku bai fita daga tsohon tsarin ba, ko da ya sauke manhajar.

Wanda zai ci moriyarta tun ranar da ya karanta abu zai shigar da shi, ba ranar kai kundi ba. Zotero kyauta ce, tana aiki ba intanet, kuma tana ba da wurin ajiya na megabait 300 a yanar gizo, wanda ke saurin cika idan aka loda fayilolin PDF. Maƙalar da ke da lambar DOI, wato lambar shaidarta ta dindindin a yanar gizo, wadda kullum ke farawa da 10, liƙa lambar kawai ake yi bayanan su zo. Wannan ma gwaji ne mai sauƙi ga malami: lambar bogi ba ta kawo komai, ko ta kawo wani take daban. A guji shigar da aiki ɗaya sau biyu, domin zai fito a matsayin 2015a da 2015b. Kafin a kai wa mai haɗa kundi da bango, a ajiye kwafi ɗaya mai ɗaurin manhajar, sannan a kwance ɗaurin a kwafi na biyu.

Sai dai yawancin abin da mai binciken tarihin Zamfara ko adabin Kabi ke dogara da shi ba ya da DOI: kundayen da ba a buga ba, maƙalun taro, rubutun ajami, hira da dattawa. Waɗannan da hannu ake shigar da su, kuma Zotero tana da gurbin kundi da na rubutun hannu da na hira. A lura da suna sosai. Manhajar tana raba shi gida biyu irin na Turawa, sai Abdullahi ɗan Fodiyo ya fito a gutsure. Akwai maɓallin da ke mayar da sunan gida ɗaya. A gurbin harshe a rubuta ha, wato taƙaitaccen sunan Hausa, don kada ta yi wa taken Hausa manyan baƙaƙe irin na Ingilishi. Haruffan ƙ da ɗ da ɓ kuma a buga su da madannin Hausa na zamani, domin tsofaffin salon rubutun da shaguna suka saba da su wata alama suke ajiyewa a madadin harafin, sai sunan Ɗangambo ko Ƙaura ya fito da baka ko sanda a farkonsa.