Duk gwajin an yi, ba a ga komai ba

"Malama, duk gwajin an yi, ba a ga komai ba." Haka wata uwa ta ce da ni a daminar bara, tana zazzage leda a kan teburina: takardar gwajin zazzaɓin cizon sauro har uku, ta taifot biyu, kwalin farasitamol, da kwalbar maganin ƙarin jini saura kaɗan a ciki. Yarinyar na gefe, shekararta 14, ta ja hijabi har haɓa, idonta a kan siminti. Wata huɗu ke nan tana kukan ciwon kai da nauyin ƙirji. Ba ta cin abinci sai an tsaya a kanta, ta daina zuwa Islamiyya, kuma in uwar ta farka tsakar dare sai ta tarar da ita zaune. A gida kai ya rabu. Kakarta ta ce iska ce, baffanta ya ce sangarta ce, bulala ce maganinta.

Ni ma'aikaciyar lafiya ce a wani ƙaramin asibiti a bayan garin Gombe, kuma irin wannan leda na sha ganinta. Na roƙi uwar ta ɗan ba mu wuri. Ban tambayi yarinyar inda ke mata ciwo ba, don an riga an tambaye ta sau goma. Na ce, "'Yata, yaushe rabon da ki ji daɗin wani abu?" Ta daɗe shiru, har na ɗauka ba za ta tanka ba. Can sai hawaye. Ashe ranar da mahaifinta ya rasu ita aka aika kyamis sayo magani, ta tsaya a hanya wajen wata ƙawarta, kafin ta dawo rai ya yi halinsa. Wata takwas tana ɗauke da cewa ita ta kashe shi, ba ta faɗa wa kowa ba.

Abin da ke damunta ciwon damuwa ne. Ciwo ne na gaske kamar hawan jini, kuma yana da magani. Mu kan ce me yaro ya sani da zai shiga damuwa, shi da ba ya ciyar da kowa. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin yara bakwai 'yan shekara 10 zuwa 19, ɗaya yana fama da wata larura ta ƙwaƙwalwa, kuma kusan rabin irin waɗannan larurori kafin shekara 14 suke somawa. Abin da ke rikita iyaye shi ne yaro ba ya cewa "ina cikin damuwa". Jikinsa da halinsa ne ke faɗa: ciwon kai ko ciwon ciki da gwaji bai nuna komai, fitsarin kwance bayan an daɗe da dainawa, firgita cikin barci, yaro mai ƙoƙari ya koma na baya a aji. Samari kuwa sau da yawa tasu damuwar da fushi take fitowa. Saurayin da ya fara kwana a waje, ya shiga tiramol ko sholisho, har ya soma bin 'yan kalare, wato 'yan daban Gombe, kafin a yanke cewa ya kangare a tambaya me yake gudu. An hana sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin tun watan Mayun 2018, amma abin da ke kai yaro ga kwalbar yana nan inda yake.

Abin da na fi so iyaye su sani shi ne yadda maganin yake, domin tsoronsa ne ke hana su zuwa. Da an ce "likitan ƙwaƙwalwa" sai uwa ta hango allura, ta hango ɗanta yana dalalar da miyau, ta hango ranar da za a ce kada a auri 'yarta don an taɓa kai ta asibitin mahaukata. A wajen yara, mafi yawan maganin magana ce. Zama ne da ma'aikacin da aka horar, yawanci sau ɗaya a mako, na 'yan makonni ko 'yan watanni. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba ma'aikata irinmu ma ta ce kada a ba yaron da bai kai shekara 12 ba ƙwayar maganin ciwon damuwa. Matashi kuma da tattaunawa ake farawa, ƙwaya sai in ƙwararren likita ya ga buƙata, yana kuma bibiya.

Ba hira ce kawai ba, kuma ba wa'azi ba ce. Ana koya wa yaro ya kama tunanin da ke cin sa, ya fito da shi fili a duba shi tare. Ita wannan yarinya, da muka tura ta wajen ƙwararre, tunanin nata shi ne "ni na jawo". Aka bi shi daki-daki: wane ciwo ne ya kwantar da mahaifinta, shekara nawa ya yi yana jinya, ko maganin da aka aike ta sayowa zai iya tsayar da abin da ya faru. Aka kuma tsara mata ƙananan ayyuka da za ta koma yi ko da ba ta jin yi, yau ta raka ƙanwarta ɗiban ruwa, jibi ta leƙa Islamiyya ko na rabin awa. Mai ciwon damuwa yakan jira sai ya ji daɗi sannan ya motsa, alhali motsin ne ke fara jawo sauƙin. Aka koya mata jan numfashi a hankali in ƙirjin ya ɗaure.

Ƙananan yara kuma da wasa da zane ake shiga zuciyarsu. Akwai iyalai da yawa a Gombe da rikici ya koro daga Borno da Yobe. Yaron da ke rugawa ƙarƙashin gado in salansar babur ta yi ƙara ba zai iya ba ka labari ba, amma ka miƙa masa takarda da fensir ka zauna kusa da shi. A irin wannan shekaru, rabin aikin da iyaye ake yi: yadda za a yaba wa yaro in ya yi daidai, yadda za a kafa masa doka ba tare da duka ba, da daina yi masa waƙar tsiya a gaban 'yan'uwansa don ya jiƙa tabarma.

Akwai wani abu namu da ba na so in wuce shi. Yarinyar nan 'yar fari ce, uwar ko sunanta ba ta faɗa. Alkunya tarbiyya ce, ban zo rushe ta ba. Sai dai in uwa ba za ta iya zama da 'yarta su yi magana ba, lallai a samu wadda za ta iya, goggo ko inna ko yaya, wadda ba za ta kai maganar tsakar gida ba. Kuma a saurara kafin a ce "yi haƙuri". Haƙuri gaskiya ne, amma in ya zo da wuri yakan rufe bakin yaro.

Ba na hana kowa addu'a ko ruƙiyya, a yi su a kuma zo asibiti, ɗaya bai hana ɗaya. Abin da nake roƙo a bari shi ne duka, da turara wa yaro hayaƙi a rufaffen ɗaki, da kai shi gidan mari. Ba mu manta ɗaruruwan mutanen da 'yan sanda suka fitar daga wani gida a Rigasa ta Kaduna a watan Satumban 2019 ba, da yara a cikinsu, wasu da sarƙa a ƙafa. Tun watan Janairun 2023, da shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, mai wannan larura yana da haƙƙin a kula da shi cikin mutunci.

Wasu alamomin ba a kwana da su. In yaro ya ce gara ya mutu, ko ya fara yanka jikinsa, ko yana jin muryoyin da babu mai jinsu sai shi, ko ya daina ci da sha, a kawo shi a ranar. Kada a bar shi shi kaɗai, a ɗauke fiya-fiya, maganin feshin gona da ƙwayoyi daga inda hannunsa zai kai. A tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta sa wa yaro tunanin, sau da yawa ma sauƙi yake ji don an gane halin da yake ciki.

A fara da asibitin da ya fi kusa. Mu za mu duba ko akwai ciwon jiki, kamar ƙarancin jini ko farfaɗiya, sannan mu rubuta takardar turawa. Akwai likitocin ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauchi, ga kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Maiduguri. Ƙwararrun ba su da yawa, ana iya jira, kuma kuɗin mota daga Dukku ko Nafada ba ƙaramin abu ba ne. A zo da wanda ya fi sanin yaron, da duk magungunan da ya sha.

Ita yarinyar, goggonta ce ta riƙa kai ta. Bayan Babbar Sallah suka biyo ta wajena a kan hanyarsu ta komawa gida. Ciwon kan yana ɗan taɓa ta jefi-jefi, in ji ta, amma tana barci, kuma ta koma makaranta. Da za su tafi ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Malama, na faɗa wa Mama abin da na faɗa miki."