Wakafi

Wakafi, wanda Malikawa suka fi kira hubusi, shi ne mutum ya tsare wata dukiya tasa, kamar gona ko gida ko rijiya, ya bar amfaninta ga jama'a saboda Allah. Ba a sayar da dukiyar, ba a kyautar da ita, ba a kuma gadonta. Abin da ya raba shi da sadakar yau da kullum ke nan: sadaka ana ci ta ƙare, wakafi kuwa yana ci gaba da haihuwa ko bayan mai shi ya kwanta dama.

Malamai suna kafa hujja da gonar da Sayyidina Umar ya samu a Khaibar, wadda Annabi (SAW) ya ba shi shawarar ya riƙe asalinta ya yi sadaka da amfaninta. Sayyidina Usman ma ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya bar wa Musulmi su sha kyauta.

A ƙarnonin baya, ayyukan da yau ake jiran gwamnati ta yi, wakafi ne ya ɗauki da yawa daga cikinsu a ƙasashen Musulmi. Masallacin Ƙarawiyyin na birnin Fas a Maroko, wanda ake danganta kafa shi ga Fatima al-Fihri a shekarar 859, ya zama cibiyar ilimi da ke aiki har gobe. Asibitin da Sarki Ƙalawun ya gina a Alƙahira wajajen 1284 ya kasance yana jinyar marasa lafiya ba tare da karɓar kuɗi ba. Sirrin abin shi ne ba ginin kaɗai ake bayarwa ba. Ana haɗa shi da shaguna da gonaki waɗanda kuɗin hayarsu ke biyan likita da malami da mai shara.

Tsarin yana da nasa rauni. Sharaɗin mai bayarwa yakan daskare ko da zamani ya sauya, wani nazirin kuma, wato mai kula da dukiyar, yakan mayar da ita tamkar gadon gidansu. Irin wannan na cikin hujjojin da gwamnatoci suka kafa wajen sa hannu a ciki. Masar ta soke wakafin iyali, wato wanda ake barin amfaninsa ga zuri'ar mai bayarwa, a 1952.

A Arewacin Najeriya, bayan dawo da shari'a daga 1999, jihohi irin su Zamfara da Sakkwato sun kafa hukumomin zakka da wakafi, ta Kano kuwa ana kiranta Hukumar Zakka da Hubusi.