Cocin Metodis na ƙauyen Tolpuddle

Tolpuddle wani ɗan ƙauye ne a yankin Dorset da ke kudancin Ingila, kamar mil 7 gabas da garin Dorchester, a bakin wani ƙaramin kogi mai suna Piddle. Cocin Metodis ɗin garin ɗan mitsitsi ne, amma sunansa ya shiga tarihin ƙungiyoyin ƙwadago na duniya saboda abin da ya faɗa wa mabiyansa a 1834.

Ita ɗariƙar Metodis John Wesley ne ya faro ta a cikin cocin Anglikan, bayan rasuwarsa a 1791 ta ɓalle ta zama mai zaman kanta. Abin da ya sa ta kama a ƙauyuka shi ne ba sai da fasto mai digiri ba, manomi ko lebura in ya iya karatu kuma aka yarda da halinsa zai iya hawa ya yi wa'azi, sannan ana raba mabiya ƙananan azuzuwa da ke haɗuwa duk mako, kowa ya ba da kwabonsa, akwai shugaba akwai mai riƙe lissafi. To ka ga wanda ya saba da wannan tsari kafa ƙungiya ba zai masa wuya ba.

A Tolpuddle da farko a gida ake taruwa, sai a 1818 suka gina ɗakin ibadarsu. Ginin ƙasa ne da aka cuɗa da ciyawa, kusan irin namu na ƙauye, ɗaki ɗaya ba ado ba komai. Ranar buɗewa ma ba a ƙare lafiya ba, wasu 'yan gari sun taru suka yi ta jifan waɗanda suka zo da duwatsu da taɓo, don a lokacin masu gonaki da limaman Anglikan kallon 'yan tawaye suke wa Metodis, kuma wanda aka san yana zuwa can zai iya rasa aiki.

Cikin masu wa'azin cocin akwai George Loveless, mai huɗa a gonar wasu, an haife shi 1797, shi ya koya wa kansa karatu da rubutu. Ƙanensa James ma yana wa'azi, 'yar'uwarsu kuma ita ce matar wani lebura Thomas Standfield, wato dai cocin kusan na dangi ne. A farkon shekarun 1830 masu gonaki suka zaftare albashin lebura daga sule 9 a mako zuwa sule 7, har ana barazanar mai da shi 6, alhali sule 9 ɗin ma ba ya ciyar da iyali. Sai a 1833 Loveless da abokansa suka kafa ƙungiyar taimakon juna ta leburorin gona, duk mai shiga sai ya yi rantsuwar riƙe sirri.

Wannan rantsuwa ce aka kama su da ita. Kafa ƙungiya ba laifi ba ne a lokacin, don haka wani mai filaye kuma majistare, James Frampton, da goyon bayan ministan cikin gida Lord Melbourne, suka tono dokar 1797 wadda asali saboda boren sojojin ruwa aka yi ta, mai hana rantsuwar ɓoye. Ranar 24 ga Fabrairu 1834 aka kama mutum 6: George da James Loveless, Thomas Standfield da ɗansa John, James Brine da James Hammett. Biyar daga ciki ana lissafa su a Metodis, Hammett ne kawai ba ya ciki. A watan Maris kotun Dorchester ta yanke musu shekara 7 na aikin bauta a Ostireliya, aka tura George tsibirin da yanzu ake kira Tasmaniya, sauran kuma New South Wales. Gaskiya hukuncin zalunci ne tsagwaronsa, mutanen ko yajin aiki ba su yi ba.

Ƙasa ta ɗauka. Ranar 21 ga Afrilu 1834 dubban mutane suka yi jerin gwano a Landan, takardar koke ta samu sa hannu wajen 800,000, ƙarshe dai a Maris 1836 gwamnati ta yi musu afuwa. George ya dawo 1837, sauran daga baya. Amma cocin bai mai da mutanensa ba, biyar sun koma noma a Essex, can ma ba a bar su sun sake ba, a shekarun 1840 suka yi ƙaura zuwa Ontario a Kanada, inda George ya ci gaba da hidimar Metodis har ya rasu 1874. Hammett ne kaɗai ya ƙare rayuwarsa a yankin, ya rasu 1891 a gidan gajiyayyu na Dorchester, kabarinsa na Tolpuddle.

Tsohon ɗakin ibadar kuwa an daina amfani da shi, ya koma ma'ajiyar kayan gona da dabbobi na tsawon shekaru da dama. A farkon shekarun 1860 ikilisiyar ta gina sabon coci a ƙauyen, kuma a 1912 aka kafa ƙofar tunawa da mutum shidan a gabansa, Arthur Henderson na jam'iyyar Leba, wanda shi ma mai wa'azin Metodis ne, ya buɗe ta. A 1934 babbar ƙungiyar ƙwadago ta Birtaniya TUC ta gina gidaje 6 da sunayensu, kuma duk watan Yuli ana biki a garin, ma'aikata su zo da tutoci a yi maci, a yi addu'a a cocin. A 2015 wata gidauniyar mutanen yankin ta sayi tsohon ginin na 1818 ta shiga gyara shi, yanzu masu ziyara na iya shiga su gani.